Kyautar Kwamfuta Ga Makarantun Gida: Abin Da Ke Kashe Ta Da Abin Da Ke Raya Ta

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Gabatarwa

Lokacin da takardar kwamitin shirya taro ta iso mana da buƙatar mu yi magana a kan kwamfuta, sai da muka sake duba bayan ambulan, ko an yi kuskuren suna. Mu 'yan kwalejin horar da malamai ne, waɗanda aka yaye a zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976. Injin da ya fi kowanne daraja a ofishin hedimasta a lokacinmu shi ne tafireta, sai kuma injin gurza takardun jarrabawa, wanda ba ya barin farar riga ta koma gida da farinta. To amma shekarun ƙarshe na aikinmu, da waɗanda suka biyo bayan ritaya, sun haɗa mu da ɗakin kwamfuta ko muna so ko ba ma so, kuma abin da idonmu ya gani a ciki ya isa a tara 'yan'uwa a faɗa musu.

Maganar tamu a kan kyautar da ku mazauna birane kuke aiko wa makarantun gida take. Muna godiya da ita, Allah ya saka da alheri. Sai dai da yawanku ba ku san abin da ke faruwa da ita ba bayan an kwashe rumfuna an ɗauki hotuna. Za mu faɗi abin da ke kwantar da waɗannan na'urori, da yadda ake tashinsu, da yadda ake ɗora musu babbar manhaja, sa'an nan mu amsa wasu tambayoyi da aka saba yi mana, mu rufe da shawarwari ga ƙungiya.

Inda muke tsaye

Wannan yanki namu ba baƙo ba ne a harkar. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, gwamnatin Jigawa ta buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, wadda jama'a suka fi sani da Informatics, saboda haɗin gwiwar da aka ƙulla da wata cibiya mai wannan suna ta ƙasar Singafo. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga jihohi daban-daban suna koyon kwamfuta a garinmu, a lokacin da manyan birane da yawa ba su da irinta. Kafin ita akwai kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a 1991, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, wadda daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A 2021 kuma aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ke nan yaron Roni ko na Gwiwa ba ya bukatar dogon bulaguro kafin ya isa ƙofar babbar makarantar fasaha.

Amma ƙofar tana da mabuɗi, kuma mabuɗin yanzu yana jikin kwamfuta. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar fensir da takarda gaba ɗaya. Ɗalibi zai zauna gaban allo ya amsa tambayoyi 180 cikin awa 2. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a matsayin ɗalibai masu zaman kansu. Mun ga yaro mai ƙoƙari, wanda ke zuwa na ɗaya ko na biyu a ajinsu, ya dawo daga cibiyar jarrabawa yana hawaye, domin ranar ce ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, ya ɓata lokacinsa yana kokawa da kibiya a kan allo yayin da 'ya'yanku na birni suka yi nisa da amsa. Abin takaicin shi ne a makarantar da ya fito akwai ɗakin kwamfuta, an garƙame shi da kwaɗo, an lulluɓe na'urorin da tsofaffin labule.

Labarin kwamfutoci goma sha biyu

Bari mu ba ku abin da ya faru a gaban idonmu, a wata makaranta da muka yi wa aiki a kwamitin iyaye bayan ritaya. Wani ɗan gari mazaunin Legas ya aiko da kwamfutocin tebur guda goma sha biyu, na hannu, waɗanda aka shigo da su daga ƙetare. Aka yi biki, aka yi jawabai. Shekara ba ta zagayo ba sai da ya zama biyu kaɗai ke tashi. Hukumar makaranta ta rubuta a rahotonta cewa sauran sun lalace, ana neman taimakon sababbi.

Muka nemi izini muka buɗe ɗakin tare da wani matashi ɗan unguwa da ya gama karatun kwamfuta yana zaune ba aiki. Kwana uku muka yi muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Guda biyu wayar da ke haɗa allo da akwati ce ta saki. Ɗaya ɓera ya ci wayar wutarta. Biyu ƙura ce ta toshe su, da aka zare sandunan RAM aka goge aka mayar, suka tashi. Ɗaya lafiyarta lau, sai dai ɗan bautar ƙasan da ya koyar da darasin ya sa mata kalmar sirri, ya gama hidimarsa ya tafi da ita a kansa. Ɗaya babbar manhajarta ce ta rikice saboda yawan ɗaukewar wuta tana cikin aiki, aka sake ɗora mata wata. Guda uku ne kaɗai suka ƙone da gaske, su ma ɓangaren da ke karɓar wuta ne, kuma tun ranar bikin suka ƙone, aka yi shiru don kada a ɓata taro. Abin da aka kashe wajen tashin bakwai ɗin nan bai kai kuɗin ragon suna ba. Wannan ne ya koya mana cewa yawancin kwamfutocin da ake kira matattu a makarantunmu suma suka yi, babu dai wanda ya yayyafa musu ruwa.

Abokan gabar kwamfuta a ƙasarmu

Na farko ita ce wuta. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli a bayansu, kusa da inda ake soka wayar wuta, wanda ake turawa tsakanin 115 da 230. Idan na'urar daga Amurka ta fito, sau da yawa a kan 115 take. Duk wanda ya jona ta a haka, ƙara ɗaya zai ji da ƙaurin hayaƙi. Abin da ya cinye ukun da muka ambata ke nan. Saboda haka kafin a jona kowace kwamfuta da ta zo daga waje, a juya bayanta a duba. Bayan wannan akwai hawa da saukar wuta, da ta janareta wadda ba ta da tabbas. Sitabilaiza na rage wannan haɗari, na'urar UPS kuma tana riƙe wuta na 'yan mintoci domin a adana aiki a kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace. Kashewar ba-zata, idan ta yawaita, tana lalata fayilolin da babbar manhaja ke tashi da su. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo, a zare wayoyi daga bango gaba ɗaya, kashe soket kaɗai ba ya hana tsawa shiga.

Na biyu ƙura da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika kowane lungu da ƙura, fankar kwamfuta kuma aikinta zuƙo iska, don haka tana zuƙo ƙurar ta tara a ciki. Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, sai na'urar ta kasa huce kanta. Alamar ita ce ta yi aiki na ɗan lokaci, fanka na ruri, sai ta mutu da kanta. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi daga ƙonewa. Maganinsa a zare wuta, a buɗe murfin gefe, a hure ƙurar da abin hura iska, aƙalla sau ɗaya a kowane zangon karatu, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa, a ba shi tazara da bango. A rufe na'ura da ƙyalle idan an kashe ta, a yaye idan za a kunna.

Na uku ƙananan halittu. Ɗakin da aka rufe wata uku ya zama gidan ɓeraye da kyankyasai da tsaka, zanzaro ma yakan yi gininsa a cikin akwati. Mun lura ɗakin da ake shiga kullum ya fi wanda ake tattali daɗewa da rai. Hedimastan da ya kulle ɗaki don tsoron kada yara su ɓata kayan gwamnati ko na mai kyauta, ya miƙa su ne ga ɓera.

Mece ce babbar manhaja?

Akwatin kwamfuta da abin da ke cikinsa kamar ginin makaranta ne da kujeru da alluna. Manhajojin rubutu da lissafi da shiga intanet su ne malamai, kowa da darasinsa. Babbar manhaja ita ce hedimasta: ita ke buɗe makaranta da safe, ta raba wa kowa aji da lokaci, ta riƙe rajista, ta san inda aka ajiye kowane fayil. Idan ta rikice, gini na nan, malamai na nan, amma ba za a yi karatu ba. Windows na kamfanin Microsoft ita ce aka fi sani a wajenmu. Akwai macOS ta kamfanin Apple, wadda ke zuwa da kwamfutocinsa kaɗai. Akwai kuma Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da fara rubuta ta a ranar 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa. Sa'ar jiharmu ce, kuma kyauta ake ba da ita har gobe.

Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne kowace Windows tana da wa'adi. Kamfanin yakan riƙa aiko da gyare-gyaren tsaro na wasu shekaru, sa'an nan ya daina. Ya daina wa Windows XP a Afrilun 2014, ya daina wa Windows 7 a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a mafi yawan lokuta ba ta amincewa da ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na takwas, wato na wajen 2017. Ma'anar wannan ita ce ofisoshin Turai da Amurka suna ta sauke kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba, kuma irinsu kan biyo jirgin ruwa su sauka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan su iso titin Beirut a Kano da farashi mai daɗi. Araha ba ta ado. Kafin ku biya, ku tambayi zubin ƙwaƙwalwar, ku sa a kunna a gabanku a nuna muku.

Wannan ba ya nufin tsohuwar kwamfuta ta zama shara. Idan ba za a haɗa ta da intanet ba, koyon buga rubutu da atisayen jarrabawa kawai za a yi da ita, tsohuwar Windows za ta iya ci gaba da aiki. Idan kuwa za ta shiga intanet, haɗari ne a bar ta ba gyaran tsaro. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe fiye da ɗari, ta kulle fayilolinsu, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafita ga irin wannan na'ura ita ce a ɗora mata wani nau'in Linux, kamar Ubuntu, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, ko Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da ta Windows. Suna tafiya a kan na'ura mai ƙaramin ƙarfi, ba a biyan lasisi, kuma ana samun LibreOffice a kansu domin rubutu da lissafi. Ana ma iya gwada su daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Yadda ake ɗora ta, da inda ake tuntuɓe

Mataki na farko, wanda aka fi tsallakewa, shi ne kwashe kaya. Ɗora sabuwar manhaja yakan share abin da ke rumbun. Mun san makarantar da sakamakon ɗalibanta na shekaru ya tafi a yammaci ɗaya, saboda an kai kwamfutar ofis wajen mai gyara, shi kuma maganin kowace cuta a wurinsa shi ne a yi fomatin. Kada ku bari a taɓa na'ura sai an kwafe fayiloli zuwa wani rumbu na waje, an kuma buɗe su a wata kwamfutar an tabbatar sun kwafu.

Na biyu, a samo manhajar daga tushenta. Microsoft na ba da damar sauke Windows daga shafinsa a zuba a filashi mai gigabait 8 ko fiye, haka ma masu Ubuntu da Linux Mint. Faifan da ake sayarwa a bakin titi, wanda aka fasa masa kariya don kauce wa lasisi, sau da yawa da cutarsa yake zuwa. Kwamfutocin ofis na hannu da dama suna ɗauke da lasisinsu a jikinsu, yana farfaɗowa da kansa idan aka ɗora irin Windows ɗin da suka zo da ita aka haɗa da intanet.

Na uku, a sa kwamfuta ta tashi daga filashin. A nan mutane da yawa ke cewa filashin ne ba shi da kyau, alhali na'urar ce ba a gaya mata inda za ta duba ba. Da zarar an kunna, kafin tambarin kamfani ya ɓace, ana danna wani maɓalli a kai a kai: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. Jerin wurare zai fito, a zaɓi filashi.

Na huɗu, wajen zaɓar rumbu, wani lokaci saƙo kan fito cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan rumbu ba. Yawanci saɓani ne tsakanin tsohon tsarin rarraba rumbu da ake kira MBR da sabon da ake kira GPT. Sabuwar hanyar tashi, wato UEFI, da GPT take tafiya. Idan an riga an kwashe kaya, sai a goge dukkan ɓangarorin rumbun a wannan shafi, manhajar za ta tsara shi da kanta yadda ya dace.

Na biyar, bayan an gama, a duba sauti da intanet da firinta. Kowanne yana bukatar 'yar ƙaramar manhajar da ake kira direba, wadda ke yi masa tafinta da babbar manhaja. Idan allo ya yi manyan haruffa marasa kyan gani, ko sauti ya ƙi fita, direba ne babu, sai a sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. A daidaita agogo a kan lokacin Nijeriya. A buɗe asusu biyu, ɗaya na malami mai cikakken iko, ɗaya na ɗalibai wanda ba ya iya ɗora ko goge manhaja. A rubuta kalmar sirrin malami a takarda, a sa a ambulan, a kulle a ofishin shugaban makaranta.

Ladabin neman cuta

A kwaleji an koya mana cewa idan yaro ya kasa karatu, kafin a ce daƙiƙi ne a fara tambaya ko ya karya kumallo, ko yana ganin allo daga inda yake zaune. Haka ake bin kwamfuta. A fara da abu mafi sauƙi: akwai wuta a soket ɗin? Wayoyi sun zauna? An kunna allon? Sa'an nan a tambaya, me ya sauya tun ranar da ta yi aiki lafiya? An soka wani filashi, ko an ɗora wata manhaja, ko an matsar da tebur? A sauya abu ɗaya a gwada, kada a sauya uku a lokaci guda, don ba za a san wanda ya yi maganin ba. Ɗakin da ke da kwamfutoci iri ɗaya yana da wata falala: ana iya ɗauko waya ko allo ko sandar RAM daga mai lafiya a gwada a jikin marar lafiya.

Idan fanka na juyawa amma allo baƙi ne, ko na'urar na yin ƙara tit-tit, a fara zargin RAM. Idan kullum da safe kwanan wata ya koma shekarun baya, kuma shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna kukan rashin tsaro, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, wanda masu gyaran agogo ma ke sayarwa. Idan ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba, a duba ko an manta filashi a jikinta, sa'an nan a duba wayar rumbu. Idan shuɗin allo ya fito da rubutu, a ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace, domin wannan rubutun shi ne abin da mai gyara na gaskiya zai fara tambaya. Kada kuma malaminmu na ƙauye ya ji kunya don abu ya gagare shi. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure ɗaya a sabuntawar wani kamfanin tsaro mai suna CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyin da aka saba yi mana

Ana tambayarmu, ta tebur ko ta hannu? Ta tebur ta fi jure wahala, ta fi sauƙin gyara, ta fi wuyar sata. Ta hannu kuwa wutar da take ci kaɗan ce, cajarta yawanci wat 45 zuwa 65, kuma batirinta na tsaya mata idan an ɗauke wuta. Makarantar da za ta dogara da sola, kamar yawancin na ƙauyukan Roni da Gwiwa, ta yi lissafin wutar tukuna kafin ta zaɓa.

Ana tambaya, me ya sa take nauyi? A tsohuwar na'ura, babu gyaran da ya kai sauya tsohon rumbu mai juyawa da sabon nau'in da ake kira SSD, sai kuma ƙara RAM zuwa gigabait 8. Haka kuma kada a tara manhajojin kashe cuta biyu ko uku, faɗa suke yi da juna. Wadda ke zuwa a cikin Windows ta wadatar idan ana sabunta ta.

Ana tambaya, fayilolin filashina sun ɓace, sun koma 'yan gajerun alamomi. Cuta ce da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani. Fayilolin na nan, ɓoye su ta yi. Kada a danna alamomin, kada a yi fomatin. A wanke filashin da manhajar kashe cuta, a umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli.

Ana tambaya a kan haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ɗauke da su, aka daɗe ana cin moriyarsu. Matsalar irin wancan zubi ita ce idan aka kai rubutun kwamfutar da ba ta da shi, sai haruffan su rikiɗe. Yanzu suna cikin tsarin Unicode na duniya, kuma Windows na da allon rubutun Hausa a cikinta, a sashen harsuna ake ƙara shi. Babu sauran uzurin da zai sa ɗalibinmu ya rubuta ƙasa ta koma kasa.

Ana kuma cewa, ai yara na da waya. Waya ta koya musu shafa allo da ɗan yatsa. A zauren jarrabawa kuwa allon rubutu ne da linzami, ana zaɓar amsa da A, B, C ko D, a ci gaba da N, a koma baya da P. Wanda ya yi atisaye sau goma kafin ranar, hankalinsa na kan tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarwari ga ƙungiya

1. A kafa ƙaramin kwamiti ya zagaya makarantun Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa da aka taɓa kai wa kwamfuta, ya ƙirga masu tashi da marasa tashi, kafin a sake sayen ko guda ɗaya.

2. Duk mai niyyar kyauta ya raba kuɗinsa, kashi ɗaya na na'ura, kashi ɗaya na wuta da gyara. Kwamfuta shida masu sola da mai kula sun fi ashirin da ke jiran wutar da ba ta zuwa.

3. A ɗauki matasanmu da suka karanta kwamfuta a manyan makarantun yankin nan, a ba kowane 'yan makarantu ya riƙa zagayawa sau ɗaya a wata, ƙungiya na biyansa ɗan alawus. Suna nan da yawa, da takardunsu, suna zaman jira.

4. A horar da malamai biyu na dindindin a kowace makaranta. Ɗan bautar ƙasa baƙo ne, shekara ɗaya zai yi.

5. Kowane ɗaki ya sami littafin rajista, kowace na'ura da lambarta da shafinta, a rubuta abin da ya same ta da abin da aka yi mata. A ajiye filashi ɗaya na ɗora manhaja, da 'yan batura da wayoyi na ko-ta-kwana.

6. A ɗora abin karatu da ba ya bukatar intanet. Manhajar Kiwix, alal misali, tana ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da data ba.

7. A sa wa 'yan mata lokacinsu na musamman a jadawalin ɗakin, domin mun lura idan aka bar abin ga rige-rige, maza ne ke cinye kujerun.

Kammalawa

'Yan'uwa, idan kun zo gida hutun salla ko ɗaurin aure, muna roƙon ku ware awa ɗaya ku je makarantar da kuka yi, ku nemi a buɗe muku ɗakin kwamfuta, ku kunna da hannunku. Kada ku je da faɗa, domin malamin da za ku tarar yana aiki ne da abin da ya samu. Ku tambaye shi abin da ya rasa, ku rubuta, ku kawo wa ƙungiya. Shugaban makarantar da ya san masu kyauta za su dawo su duba, ba zai bar kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofar ba.

 Inda muka yi kuskure, masana da ke cikin wannan zaure su gyara mana, ɗalibai muke a wannan fage. Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya ɗaukaka wannan yanki, ya mai da kowa gidansa lafiya.